Baƙo Ba Ya Dasa Dabino

Akwai tambayar da har yau, da furfurata da komai, in aka yi mini ita sai na ji wuyana ya ɗau zafi: wai mu mutanen ina ne. Mutum ya same ka a Fagge, ya ji Hausarka ta Kano tsaf, amma da ya kalli tsagar fuskarka sai ya fara neman inda zai mayar da kai. 'Ya'yana sukan ce in riƙa haƙuri, ba da wata manufa ake yi ba. Na sani. Amma tambayar nan ta taɓa cinye mini shekara guda cur, kuma saura ƙiris ta sa in aikata abin da zan mutu ina jin kunyarsa.

Mu Barebari ne. Kakata, uwar Babana, ta baro Kukawa tana yarinya a shekarar da yaƙi ya watsa garin. Ta biyo ayarin masu gudu har suka sauka a Fagge, a bayan ganuwar Kano, lokacin wurin bai wuce zangon fatake da raƙuman Buzaye ba. A nan ta yi aure, a nan ta haifi Baba, a nan aka haife ni. Layinmu kusan duk mutanen gabas ne: Barebari, Shuwa, gida biyu na Baburawa, da wani tela mutumin Fika. Mutanen cikin birni in sun so raina mu sai su ce 'yan waje. Ibo da Yarbawan Sabon Gari kuwa Hausawa suke kiranmu gaba ɗaya, ba ruwansu da tsaga. Mai karɓar haraji ne kaɗai bai taɓa ruɗewa a kanmu ba, duk shekara ya san ƙofarmu.

Kaka ita ce ungozomar layin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, haƙoranta jawur da fure da goro, in ta wuce sai ƙamshin turaren wuta ya daɗe a wurin. Bakinta kuwa sai addu'a. Tana da wata al'ada da har yau ban sani ba ko ta Barno ce ko tata ce ita kaɗai. In ta karɓi haihuwa ta yanke cibi, takan haƙa rami a bayan ɗaki ta binne mabiyiya kamar yadda kowa ke yi, amma ita kafin ta mayar da ƙasa sai ta jefa ƙwallon dabino a kai. Daga nan ta addabi mutanen gidan da zancen ban ruwa har sai ya tsiro. In akuya ta cinye, ta dawo ta sake dasawa, ta wanke masu gidan tas da Barbarci. Saboda haka a layinmu kowa ya san bishiyarsa. Ta Baba ita ce mafi tsawo a unguwar, ta zarce soron kowa, sai dai namiji ce, ba ta taɓa ba da ɗa ko ɗaya ba, kuma Kaka ba ta gajiya da ce masa bishiyarsa irinsa ce, tsawo da surutu. Tawa tana bayan ɗakin Inna, ita kuwa tana haihuwa sosai.

Ni da Kaka wasan jika muke yi. Maigida take kirana, ni kuma in ce mata amarya. In na shigo ta ce maigida ya dawo hannu rabbana, ba ko cefane, ni kuma in ce wa zai yi wa amarya mai haƙori huɗu cefane. Tun ina rarrafe ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ba.

Shekara biyar kafin ƙasar nan ta samu 'yancin kanta, ina da shekara goma sha tara, ina koyar da 'yan aji ɗaya a elementare ba tare da takardar malanta ba. Burina ɗaya ne a duniya, in tafi kwalejin horon malamai. Na zauna jarrabawa na ci, kuma ba da ƙyar na ci ba, na uku na zo. Hukuma ce ke ɗaukar nauyin wanda ya ci, amma da sharaɗin ya zama ɗan lardin Kano. Ko a jikina. In ni ba ɗan Kano ba ne, ɗan ina ne?

Ranar da aka ce kowa ya zo da ubansa ofishin ilimi a cike takarda, Baba ya rufe rumfarsa ta banda a kasuwar Sabon Gari, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya yi wanka sau biyu saboda ƙarnin kifi, Inna ta turara masa babbar rigarsa ta Sallah, muka taka da ƙafa. Akawun da muka tarar wani saurayi ne Bafulatani, fari siriri, ɗan gidan malamai daga wani garin sarauta arewa da mu, shekararsa uku kacal da zuwa Kano. Yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tambayi sunana, da shekaruna, da sana'ar uba. Da ya zo layin asali sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, ina ne garinku?"

To, a nan aka yi ta. Duk wanda ya san Babarbare ya san ba a yi masa wannan tambayar ya amsa da sunan unguwa. Baba ya gyara zama, ya saɓa hannun riga, ya ce Kukawa. Da ma a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya kawo sunan ubansa, da na uban ubansa, da na wani kakansu da ya rubuta Alƙur'ani bakwai da ka, da na wani mai dawaki ɗari. Ina ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci, shi kuwa yana janyewa yana ci gaba. Mutumin da iyakar gabas ɗinsa Nguru ce, inda yake zuwa sarin kifi a jirgi. Ko a mafarki bai taɓa ganin Kukawa ba.

Akawu ya bari har ya gama, ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya ce cikin taushin murya gurbin nan na 'yan ƙasa ne, mu sai dai mu nemi hukumar Barno ta ɗauki nauyina. Baba ya ce wa ya san shi a Barno? Ya ce a Fagge aka haife shi, a Fagge aka yi masa kaciya, ubansa yana kwance a maƙabartar garin nan. Akawu ya ce shi abin da aka gaya masa ya rubuta, kuma an riga an buga hatimi.

A hanya Baba ya yi ta maimaita cewa an tambaye shi ya faɗi gaskiya, ina laifinsa. Muka biya ta kasuwa ya buɗe rumfa. Maƙwabcinsa wani Ibo ne mai sayar da kwanuka, shekara ashirin suna jere, har lokacin rikicin da ya shiga tsakanin Fagge da Sabon Gari shekara biyu kafin nan, a ƙarƙashin buhunan kifin Baba kayansa suka kwana. Da ya ji labari sai ya girgiza kai, ya ce su dai sun san su baƙi ne, suna da garin da za a kai gawarsu. Mu fa, in aka ce mu koma, ina za mu koma? Ya faɗa ne don tausayi, amma maganar ta fi ta akawun ciwo.

Washegari na koma ofishin ni kaɗai. Akawun ya ji tausayina, ya ja ni gefe, ya zaro sabuwar takarda. Ya ce abin mai sauƙi ne: a wurin ƙabila in rubuta Bahaushe, a wurin gari in rubuta Kano, Baba ya sa hannu, shi kuma zai yaga ta farkon. Na nuna masa fuskata, na ce wannan tsagar fa? Ya ce takarda ba ta da ido. Saura kwana tara a aika da sunaye. Wallahi na yi murna, har godiya na yi masa da hannu biyu. A kan hanya na tsaya a gindin wata bishiya wajen Kantin Kwari na cike ta da alƙalamina, na rubuta Bahaushe ba tare da wani jinkiri ba.

Bayan la'asar na samu Baba a tsakar gida yana alwala, na karanta masa. Ya ce in sake karanta wurin ƙabilar. Na sake. Ya ajiye buta ya ce shi Hausawa ba su yi masa komai ba, Hausa yake ji, da Hausa yake ciniki, amma ba zai sa hannu a takardar da ta ce ubansa ba ubansa ba ne. Na roƙe shi. Na ce kalma ɗaya ce. Na ce shi ya ɓata, shi ya kamata ya gyara. Ya ce a'a. Ni kuwa tun ina yaro an san ni da zuciya, sai ta ɗebe ni.

Na ce, "Kukawar nan da kuke ta faɗa kufai ce. Jemagu ne a cikinta. Za ku kashe mini rayuwa saboda kangon da ko ƙofarsa ba ku sani ba."

Na manta sam Kaka tana zaune a bakin ɗakinta, tana haɗa turare a kasko. Ta ajiye cokalin da take juyawa da shi, ta rufe kaskon da faifai, ta shige ɗaki. Inna ta dube ni, irin kallon da ya fi mari. Ran nan Kaka ba ta ci tuwo ba.

Da safe na je gaishe ta kamar kullum, na ce amarya an tashi lafiya. Ta amsa ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Lafiya lau, Malam."

Malam. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma girman kai ya hana ni ba ta haƙuri, na ce a raina ai gaskiya na faɗa.

Ran nan ta naɗa lafayarta, ta ɗau sanda, ta shiga gida-gida a layin. Babu gidan da ke rufe mata ƙofa, tunda rabin mutanen ciki ita ta fara ganin fuskarsu a duniya. Kafin azahar ta tono abin da mazan layin suka yi shekaru suna ɓoyewa. Ashe ba a kaina aka fara ba. Ɗan wani mahauci Bashuwe an hana shi gurbin koyon aikin asibiti. Wani tsohon soja cikin Baburawan layin, wanda ya je yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo da ɗingishi, shi ma an ce da ɗansa ya tafi Biu ya nema. Ɗan tela ma haka. Kowa ya haɗiye nasa ya yi shiru, wai kada a ji an kira shi baƙo. Akwai kuma gida ɗaya da suka rubuta Bahaushe a ɓoye ɗansu ya wuce, suna tsammanin ba wanda ya sani. Kaka ta ce musu ita ta yanke masa cibi, su gaya wa wani.

Mazan suka taru a zauren mai unguwa, aka yi ta shawara, aka tsayar a rubuta takardar koke. Ni mai boko aka sa na rubuta, ina rubutu ina cika ina batsewa, don ni a ganina duk ɓata lokaci ne, ga takardata a aljihu tana jiran sa hannu kawai. Aka kai koke. Kwana huɗu shiru. Aka aika ɗan tuni, aka ce ana dubawa. Kaka ta ce maza in suka zauna shawara sai tuwo ya huce. Ta tara tsofaffi uku sa'o'inta, ta ce da ni, Malam, wuce ka nuna mana hanya.

Dole in yi bayanin wani abu ga 'yan yanzu da ba su sani ba. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa kiran ɗan'uwansa yake bawa, kowa yana iƙirarin shi ne ubangida. Duk abin da aka faɗa a cikin wasan nan ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi, a yi ta yi masa dariya har jikokinsa. Ni na san wannan sarai, amma ban taɓa kawowa a raina cewa ana iya shiga ofis da shi ba.

Muka isa, masinja ya tare ƙofa, Kaka ta ture shi da sanda ta shige. Ofis cike da mutane. Ta tsaya a tsakiya ta ce, "Ina bawan nan nawa mai rubutu? Kai Bafillace, yaushe ka ajiye sandar kiwo har ka san wanda yake ɗan gari?"

Na ce a raina shi ke nan, har takardar aljihun ma ta mutu. Akawun ya dubi tsagar fuskarta, ya dubi tawa, sai na ga bakinsa yana motsi. Ya fashe da dariya, ya zagayo daga bayan tebur ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce yau kuma wa ya kwance baiwarsa daga turke? Ta ce hular da ke kansa ma aikin Barno ce, ya cire in ya isa. Aka yi ta dariya, har masinjan da aka ture.

Da dariya ta lafa sai ta ce ba zama ta zo yi ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ya zo gidan uwargijiyarsa ya ci abinci, kuma ya taho da babbansu. In ya ƙi, za ta bi Kano kaf tana faɗa cewa Fulani sun ji tsoron tsohuwa mai haƙori huɗu. A gaban jama'a ta faɗa, ba shi da hanyar zillewa.

Sun zo kuwa, a kan kekuna, shi da babban malamin ofishin, wani dattijo mai farin gemu ɗan gidan alƙalai, wanda ba ya yawan magana. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, mai unguwa yana nan, mahauci da tsohon soja da tela suna nan. Aka kawo burabusko da miyar kuka wadda ta sha banda, akawu ya ci har yana sharce gumi, Kaka tana daga bakin ƙofa tana cewa a ƙara wa bawa, a gidansu nono kawai ya sani. Mazan sun shirya jawabai, kowa da nasa. Ba ta bari an fara ba. Ta ce matan gida su shige ɗaki, baƙi za su shigo, ta ce a hau soro.

Matakalar soronmu ta ƙasa ce, mai tsayi, Kaka ta yi shekaru ba ta hau ba. Na miƙa mata hannu. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kama hannun akawu. Wannan ya ƙona mini rai fiye da duk abin da ya faru a makon.

Ni da aka haifa a gidan, na hau soron nan sau dubu shan iska, amma ban taɓa kallon abin da ta nuna musu ba. Daga gidanmu har ka doshi Rijiyar Lemo, kawunan dabino ne suka leƙo daga cikin gidaje, dogo da gajere, wani ya zarce soro wani bai kai katanga ba. Ta gaya musu abin da ke binne a gindin kowanne. Sannan ta fara nunawa da sanda. Wancan na mahaucin nan ne, gajeren da ke kusa da shi na ɗansa ne da kuka hana. Wancan mai karkata na sojan ne, tun yana tsiro ya karkace. Ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba, mazan suna ta cewa haka ne, haka ne.

Daga ƙarshe ta juyo kan bishiyar Baba, wadda har daga kan soron sai ka ɗaga kai kafin ka ga ganyenta.

Ta ce, "Wannan na uban yaron nan ne. Da hannuna na dasa shi ran da na haife shi. Lokacin Nasara bai shigo Kano ba, babu jirgi, babu Sabon Gari, babu ofishinku. Malam, a garinku baƙo yana dasa dabino? Abin da sai yaro ya isa kaciya kafin ya fara haihuwa?"

Dattijon ya daɗe yana kallon bishiyar. Can ya ce Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wannan kuwa ta wuce kaba. Akawu, don ya nuna shi ma yana tare da mu, sai ya ce ai tun farko ya ba da shawara a rubuta Bahaushe kowa ya huta. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, don Kaka ta waiwayo ta dubi aljihuna kamar tana ganin abin da ke ciki.

Ta ce, "A'a. Ku rubuta Babarbare, ku rubuta Kano. Takardar taku ba ta da faɗin da za ta ɗauki biyun ne?"

Kada wani ya zaci a kan soron nan aka gama. Dattijon ya ce shi ya gamsu, amma ba shi ya kafa ƙa'idar ba, kuma sunaye jibi za su tafi. Sunayen suka tafi babu nawa. Wanda ya zo na sha ɗaya ya samu gurbi, ni na uku ina Fagge. Ranar na shiga bayan ɗakin Inna na yi kuka irin na yara, na fito da takardar aljihun na yayyaga ta, ba don na shiryu ba, sai don ta riga ta zama banza.

Shekarar ta yi mini tsawo. Da safe in koyar, da yamma in je rumfar Baba in taya shi juya kifi, abokaina na kwaleji in sun zo hutu da farin wando in ɓuya a bayan buhuna. Amma maganar ba ta mutu ba. Dattijon ya ɗauke ta ya kai gaba, mai unguwa ya kai wa na sama da shi, mazan layinmu da a da kowa ke ɓoye nasa suka riƙa zuwa tare, su goma, su ashirin, da tsagarsu da manyan rigunansu, su zauna a inuwar ofis har a tashi. Tsohon soja yakan saka lambobinsa na yaƙi. Akwai manyan da suka ce in aka buɗe wannan ƙofar kowa ma sai ya shigo. Aka mayar da mazan layinmu sau ba adadi, suka koma. Baba bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya tambaye shi garinsu har gobe Kukawa yake cewa, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa amma a Fagge cibiyarsa take, mai musu ya zo ya ga bishiya.

Bayan an gama girbi aka aiko da amsa daga ofis. Duk wanda aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, mai unguwa ya shaida, ɗan ƙasa ne, ko wace tsaga ce a fuskarsa. Na sake zama jarrabawa na ci. Mu biyar daga layinmu muka karɓi takarda a shekarar, har da ɗan mahauci, wanda daga baya rabin Fagge suka sha allura a hannunsa. Akawun nan da kansa ya cike tawa, ya juyo mini da ita in gani: Babarbare, Fagge, Kano. Baba ya sa hannu da ajami, ya ja layi mai tsawo a ƙarƙashi. Ban taɓa jin girman kaina kamar ran nan ba, kuma na san ba ni na sayo shi ba. Da muka koma kasuwa maƙwabcin Baba mai kwanuka ya taya mu murna, sannan ya tambaya, ɗansa fa da aka haifa a Sabon Gari? Wannan tambayar ba a amsa ta a zamaninmu ba.

Duk tsawon shekarar nan Kaka Malam take kirana. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, ranar da na yi zazzaɓi ita ta dafa mini sabara. Amma Malam. Ni kuma, kai, taurin kai bai yi ba, na kasa buɗe baki in ce ta yafe mini. Kullum sai in ce gobe.

Safiyar da zan tafi, an ɗaure akwatina, Baba yana zaure yana jira ya raka ni tasha, na shiga ɗakinta na durƙusa. Na ce Kaka, maganar da na faɗa bara, ki yafe mini.

Sai ta ce, "Ai ba ƙarya ka yi ba. Kufai ce. Ni na gan ta tana cin wuta, ban waiwaya ba sai da uwata ta faɗi a hanya." Ta gyara zama. "Dabino ɗaya ta ba ni ran da muka fito. Na cinye, na bar ƙwallon a bakina saboda ƙishirwa, da shi na iso garin nan. Shekara bakwai yana ƙulle a bakin zanena. Shi ne na ubanka. Da ina da inda zan koma, da ban dasa ba."

Ban taɓa jin wannan ba, Baba ma da na tambaye shi daga baya bai taɓa ji ba. Na kasa ɗago kai. Ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi ta tura mini, busasshen dabino ne na bishiyata, ta ajiye tun lokacin da aka sauke shi.

Ta ce, "Tashi maigida, kada jirgi ya bar ka. In ka dawo hannu rabbana kuma, sai ka sake ni."

A cikin jirgi, bayan mun wuce gadar Challawa, na kwance ƙullin na fara ci. Wani ɗalibi da ke kusa da ni ya dubi fuskata ya tambaye ni mutumin ina ne. Na ce Babarbare ne ni, na Fagge, na miƙa masa dabino. Da ya gama zai jefar da ƙwallon ta taga na riƙe masa hannu, na karɓa, na mayar cikin tsumman tare da nawa.